Kalmar Sirrin Malama a Jikin Bango

Litinin, 6 ga Mayu

Ban ci abincin rana ba. Mama ta tambaya, na ce ciwon kai ne. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Bari in rubuta yadda abin ya faru, ko zai daina juyawa a kaina.

Tun farkon zangon nan ni ce ke buɗe kwamfutar Malama a ɗakin kwamfuta kafin darasi. Malamar da duk makaranta ke kira Janar a bayan idonta, don ko takunta aka ji a baranda sai aji ya yi tsit. Da bakinta ta faɗa min kalmar sirrinta, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ke na ba, don na lura bakinki ba ya yawo." Ni kaɗai a duk ajin. Na daɗe ina jin kamar an ƙara min tsawo.

Kwamfutar tana da allo biyu: monitar da ke kan teburinta, da majigin da ke haska bangon gaba. Tun da aka haɗa majigin, in an kunna ta, shafin shiga, inda ake rubuta suna da kalmar sirri, ba ya fitowa a monita. Jikin bango yake tafiya. Monitar sai dai ta nuna shuɗi kawai, ba rubutu ba komai. Teburin kuma a lungu yake, durowar littattafai ta tare, in kana zaune ba ka ganin bangon. Da safe majigin a kashe yake, sai na saba bugawa a makance: in danna babban maɓalli, in buga kalmar, in sake dannawa. Kullum buɗewa take. Har burge kaina nake yi.

Yau na makara. Wata ta riga ta kunna majigin, kowa ya zauna. Ashe kuma malamin lissafi ya yi aiki da kwamfutar ranar Juma'a, sunan Malama ba ya nan a ajiye kamar kullum. Akwatin da ke jira na suna ne, wanda ba ya ɓoye haruffa. Ni ina zan sani? Shuɗi nake kallo. Na fara bugawa.

Sai dariya. Na ɗauka hijabina ne ya karkace, na gyara. Dariyar ta ƙaru, na ruɗe, na ce ko na yi kuskure ne, na goge duka na sake. A hankali ma wannan karon, harafi bayan harafi. Sai na ji Rediyo, wadda muke benci ɗaya da ita, tana bin yatsuna da ƙarfi: "Sha... le... len... Ba... ba!"

Shalelen Baba. Da manyan baƙaƙe, faɗin bango.

Malama tana tsaye bakin ƙofa. Ban san tun yaushe ba.

Ba ta yi tsawa ba. Da ma ta yi. Ta tako, ta kashe majigin, ta ce, "Koma wurin zamanki."

Talata, 7 ga Mayu

Ta canza kalmar. "Daga yau ni zan riƙa buɗewa," ta ce, ba ni take kallo ba, rijista take kallo.

Amma ita ba ta iya bugun makafi ba, kuma bayan abin jiya wa zai yarda da shi. Dole ta kunna majigin don ta ga akwatin. Daga kujera kuma ba a gani, sai ta miƙe, ta duƙa kan madannai, ta leƙo da wuyanta ta gefen durowa kamar mai leƙen katangar maƙwabta. Aji gaba ɗaya ya zuba ido yana kallon ɗigogin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ina jin masu ƙirgawa a bayana. Wata ta ce, "Yau ta Inna ce." Aka toshe baki da hijabi.

Janar, a duƙe. Ni na duƙar da ita.

Laraba, 8 ga Mayu

An rubuta sunan a bayan ƙofar banɗaki da alli. Na goge da hannun rigata.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ya kai ga ƙananan aji. Lokacin tara ina bayan Malama a baranda, ɗan nesa, sai wata 'yar aji ɗaya, da ƙyar ta kai min kafaɗa, ta rera shi daga taga ta nutse ƙasa. Malama ba ta waiwaya ba. Tafiyarta ma ba ta canza ba. Kafaɗunta ne kawai suka ɗan ɗaga, kamar an ɗiga mata ruwan sanyi a ƙeya.

Na ce wa Rediyo ta daina. Wato na so in ce. Abin da ya fito shi ne, "Ke dai..." Ta rungumo wuyana ta ce, "Hajiya Shiru, ke da ba kya magana, ranar da kika yi kuma a bango kika yi ta! Wallahi kin biya mu." Ba da mugunta take yi ba, shi ne abin haushin. Har gyaɗa ta ba ni. Na ci kuma.

Juma'a, 10 ga Mayu

Na ƙara ɓata lamarin.

Ana cikin darasi aka kira Malama ofis, ta bar kwamfutar a buɗe. Tun Talata nake tunanin wani abu: a wurin saitin allo akwai inda ake zaɓar wanne ne babba. Na ce lallai majigin aka zaɓa, in na mayar da shi monita shi ke nan, ranar Litinin ba sai ta duƙa ba, kuma ba sai ta san ni ce ba. Na tashi. Na buɗe saitin.

Monita ce babba. Tun da ma ita ce. To me ya sa shafin shiga yake guduwa bango?

Ina tsaye ina kallon abin kamar wawiya sai na ji ajin ya yi tsit. Irin tsit ɗin nan.

"Me kike nema a nan?"

Na buɗe baki. Komai yana nan a jere a kaina, allo, saiti, babba, ƙarami. Ko ɗaya bai fito ba. Ta jira. Ta daɗe tana jira, don Malama ba ta da gaggawa. Sannan ta ja linzamin kwamfutar daga hannuna ta rufe shafin.

Yanzu me za ta ɗauka? Yarinyar da ta tona mata asiri, ga ta kuma tana bincike a teburinta da zarar ta juya baya.

Asabar, 11 ga Mayu

Na faɗa wa Yaya muna wanki. Ta zo hutun ƙarshen mako daga jami'a. Ta yi dariya har ta zauna kan bokiti. "Shalelen wa? Janar ɗin da ta sa ni tsallen kwaɗo?" Da ta ga ina matsar rigar da na riga na matse sai ta daina dariyar. Ta ce, "To kuka zai gyara allon ne? Ungo." Ta ba ni wayarta, ta ce kar in cinye mata data a kallon girke-girke.

Na yi ta nema. Duk da Turanci ne, kuma irin na masu gajeren haƙuri. Wani ya ce a sauya wayoyin bayan kwamfutar. Namu bakinsu ba iri ɗaya ba ne, na sani don ni nake share wurin. Wani ya ce a cire majigin kafin a kunna, a mayar bayan an shiga. Sai an ja durowa kullum ke nan, kuma bakin wayar ya riga ya yi sako-sako. Wani kuwa cewa ya yi wanda bai san wannan ba bai kamata ya taɓa kwamfuta ba. Na ji kamar da ni yake.

Aƙalla dai ba mu kaɗai ba ne. Mutane da yawa shafinsu na shiga yana ɓata musu a allon da ba sa kallo. Akwai wanda nasa ke tafiya talabijin ɗin falo.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na gane! Ina jin na gane.

Saitin da na gani ranar Juma'a na Malama ne, nata ita kaɗai, yana cikin foldarta. Kwamfutar ba ta duba shi sai Malama ta shiga. Kafin nan ba ta san wa ke zaune gabanta ba, don haka shafin shiga yake yin gaban kansa, ya ɗauki allon da ya fara cin karo da shi. Shi ma yana da tasa foldar, amma ba wanda ya taɓa ajiye masa komai a ciki. Abin yi shi ne a kwafi ɗan fayil ɗin saitin daga wurin Malama a ajiye masa. Shi ke nan. Layi biyu ne za a rubuta a baƙin shafin nan na ba da umarni. Na kwafe su a bayan littafin darasi, na duba har idona ya yi ruwa.

Murnata ba ta daɗe ba. A ƙasan bayanin an ce kwamfutar za ta nemi kalmar sirrin mai ita kafin ta yarda.

Wato sai na je gaban Malama, ni, na ce ina son a sa min kalmar sirrinta.

Mama ta leƙo ta ce, "Ke da wa kike magana?" Ashe a fili na ce wayyo.

Litinin, 13 ga Mayu

Ban je ba.

Talata, 14 ga Mayu

Na je har bakin ƙofa bayan an tashi. Tana ciki tana duba littattafai, ta cire takalmi ɗaya. Ban taɓa tunanin ƙafarta na ciwo ba. Na yi kamar igiyar jakata ce ta kwance, na ɗaura, na wuce.

A hanya na yi ta shirya maganar. Malama, don Allah. Malama, ina da wata shawara. Shawara! Ni wa?

Laraba, 15 ga Mayu

Yau ta yi kuskuren bugawa a gabanmu. Akwatin ya girgiza a bango, ya ce ba daidai ba. Ta sake, ya sake girgiza. A duƙe take, wuya a karkace, gilashinta yana zamewa. Sai wata murya daga baya, siririya, an maƙe ta don kar a gane: "A kira Baba ya taimaka."

Ba wanda ya yi dariya sosai, sai irin ta hanci. Na jira tsawa. Na jira a ce kowa ya fita ya durƙusa a rana, wallahi da na fi kowa saurin fita. Ta miƙe, ta cire gilashin, ta goge shi da bakin mayafinta, ta daɗe tana gogewa. Ta mayar, ta buga a hankali, ta shiga. Ta yi darasin har ƙarshe, muryarta daidai. Amma ba ta zagaya tsakanin bencina ba kamar yadda ta saba. A lungun ta zauna, bayan durowa.

Ko Rediyo ba ta yi surutu ba a hanyar gida. Ta ce dai, "Ba ni ba ce fa." Na ce na sani.

Gobe. Ko zan mutu.

Alhamis, 16 ga Mayu

Ban mutu ba. Saura kaɗan.

Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Duk abin da na shirya ya gudu. Sai kawai na buɗe bayan littafin na ajiye a gabanta, na ce, "Malama, bangon." Abin da na iya ke nan. Bangon.

Ta dubi layukan, ta dube ni. "Yi min bayani."

Na fara. Na ce saitin nata ne, shafin shiga bai san da shi ba. Na ce shi na je dubawa ranar Juma'a, ba wani abu ba. A nan ta ɗago. Ta yi tambaya, na amsa. Ta sake yin wata: in ya lalace fa? Na ce sai a goge fayil ɗin, komai ya koma yadda yake. Ta ce ita ma ta duba saitin tun ranar da aka haɗa majigin, ta ga daidai yake, ta bar shi a kan sai mai gyara ya zo, mai gyara kuwa kullum gobe. Ta tashi daga kujerar. "Zauna."

Na rubuta layin farko. Kwamfutar ta nemi kalmar. Na kasa faɗa, na nuna da yatsa. Kafin ta ce komai na tashi na je na tsaya a taga, na ba ta baya, har da rufe ido, kamar ta bayan kaina zan gani. Ina jin ƙarar maɓallan. Na yi ta karanta abin da ke zuciyata don kar kunnena ya ƙirga.

Muka kashe, muka kunna. Monita shuɗi. Akwatin yana bango, yana kallonmu.

Na ce shi ke nan, na kira ta ta tashi daga kujerarta don in sake kunyata kaina. Ta ce, "To?" Ba da faɗa ba. To kawai.

Na duba littafin. Layi na biyu! Ruɗewa ta sa na tsallake shi, shi ne mai ba shafin shiga izinin karanta fayil ɗin. Na kai masa abu na kulle a akwati. Na faɗa mata haka. Dole ta sake duƙawa ta shiga, ni a taga. Na rubuta layin, ta sake bugawa, ni a taga. Da na juya karo na ƙarshe sai na ji ta ce, "Tagar nan dai ta ga baƙuwa yau." Ban san ko wasa ba ne, ban yi dariya ba.

Muka kashe, muka kunna.

Akwatin ya fito a monita. Ɗan ƙarami, a tsakiya, kamar da ma can nan ne gidansa. Bango kuwa shuɗi, ba komai.

Ta zauna, ta ja kujerar, ta jingina. Ta shiga a zaune. Ta fita, ta sake shiga, ina jin don daɗin abin ne kawai.

Sai na ce ta yi haƙuri. Ya fito da kansa, tare da hawaye da majina, abin kunya. Ta miƙo min takardar goge hanci daga jakarta. Ta ce laifin nata ne da ta bar yarinya tana buga abu a makance don ita ta huta. Sannan ta kalli monitar. Ta ce, "Babana kaɗai ke kirana haka. Ya tsufa, sunayen 'ya'yansa ma sun fara kuɓuce masa, wannan ne bai manta ba. Yanzu kuma a taga nake jin sa."

Wannan ba shi cikin layuka biyun.

Ta ce, "Je ki gida, kar mamanki ta nema."

Juma'a, 17 ga Mayu

Ta shigo, ta zauna, ta buɗe. 'Yan aji suna ta kallon bango suna jiran ɗigogi, sai ga darasi ya bayyana. Rediyo ta ce, "Af, an ɗauke mana tashar." Ba ta san ni ba ce. Ban faɗa ba.

Malama ba ta ba ni sabuwar kalmar ba. Na san ba za ta ba ni ba. Duk da haka da aka tashi na yi ta jan jiki wurin haɗa jaka.

Litinin, 20 ga Mayu

An sake rubutawa a banɗaki. Ƙarami dai wannan karon.

Laraba, 22 ga Mayu

Ba wani abu yau. An yi gwajin tarihi, ina jin na ci.

Sai dai lokacin tara Malama ta aiko a kira ni. Ashe kwamfutar ɗakin malamai ce, an haɗa mata monita ta biyu, ita ma shafin shigarta ya koma wadda ke fuskantar ƙofa, duk mai wucewa yana gani. Ta ce, "Je ki duba musu." Na tsaya ina jiran ta tashi mu tafi. Ta ci gaba da jan jan biro a littafin gabanta. "Ni ina da aiki. Kin san hanya."

Ɗakin malamai. Ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba. Suna ciki suna shan shayi, malamin lissafi yana kan kujerar kwamfutar ya baje, yana ba da labari. Na yi sallama ba a ji ba. Na sake.

Na yi layukan biyu, ban tsallake ko ɗaya ba. Da aka zo wurin kalmar sirri malamin ya ce, "Faɗa miki zan yi ki buga, hannuna da maiƙo," har ya buɗe baki. Sai na ji wata ta ce, "A'a Malam, kar ka faɗa. Goge hannunka ka buga da kanka, zan juya." Ashe ni ce, da ƙarfi, har malamar Turanci ta ajiye kofinta.

Ya goge hannun kuwa.

Da na dawo na ce wa Malama ya yi. Ta ce, "Na sani," ba ta ɗago ba.

Har yanzu in na tuna ranar Litinin ɗin can sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Ba na jin zai daina.

Muryar nan ta ɗakin malamai dai. Wataƙila ɗakin ne ke da amsa-kuwwa.